Shin a tumɓuke mutum-mutumin Madam Tinubu? Amsa ga mai tambaya daga Agege

Wani matashi mai sayar da waya a Agege ya aiko mini da tambaya. A taƙaice ya ce: “Malam, na ga bidiyon Turawa suna jefa mutum-mutumin wani mai cinikin bayi cikin ruwa. Sai wani abokina Bayarabe ya ce ai matar da ke tsaye a Tinubu Square ma bayi ta sayar. In haka ne, me ya sa ba a cire nata ba? Kuma mu Hausawa, da ko gunki ba ma sassaƙawa, ina ruwanmu da wannan rigima?”

To ɗana, abokinka bai yi maka ƙarya ba. Na daɗe ina koyar da tarihi a nan Legas, kuma ban san adadin zuwan da na yi Badagry da ɗalibai ba, don haka zan ba ka amsar yadda nake ba su. Sai dai ka yi haƙuri, wutsiyar tambayarka ta fi kanta nauyi, kuma can zan fi daɗewa.

Bidiyon da ka gani na Bristol ne a Ingila, ranar 7 ga Yuni 2020, mako biyu bayan wani ɗan sanda ya kashe George Floyd a Amurka. Mutumin sunansa Edward Colston, ɗaya daga cikin manyan kamfanin Royal African Company. A shekarun da yake cikin kamfanin an kwashi mutane wajen 84,000 daga gaɓar Afirka, kusan 19,000 suka mutu a hanya. Ya rasu a 1721, amma ba a kafa masa mutum-mutumin ba sai 1895, wato shekara 174 bayan an binne shi. Waɗanda suka kafa ba su taɓa ganin sa ba. Attajiran Bristol ne na wancan zamani suka ɗauko shi don ya zama abin koyi wajen kyauta da taimako, suka rubuta a jikin dutsen cewa yana cikin mafiya nagarta da hikima a ’ya’yan garin, ba su ambaci bayi ko da kalma ɗaya ba. Haka abin yake a kudancin Amurka. Yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, amma yawancin gumakan janar-janar ɗin da suka yi yaƙi don bauta ta ɗore an kafa su ne daga wajen 1890 zuwa 1920 da ’yan kai, daidai lokacin da ake ƙwace wa baƙar fata ƙuri’a da doka. Na Robert Lee da ke Richmond an ɗora shi a 1890, aka sauke a 2021.

Shi ya sa in na ji an ce “cire mutum-mutumi goge tarihi ne” nake cewa a dakata. Mutum-mutumi girmamawa ce da wasu masu iko suka yi a wata shekara, saboda wata buƙata tasu. Tarihin Colston yana cikin littattafan lissafin kamfaninsa, babu wanda ya jefa su a ruwa. Hasali ma mutanen da suka san sunansa bayan 2020 sun ninninka waɗanda suka san shi kafin nan. An tsamo gunkin, yanzu yana kwance a gidan tarihin garin da fentin da masu zanga-zanga suka watsa masa, kuma kotu ta wanke mutum huɗun da aka gurfanar a farkon 2022. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin a kai ga janyo gunkin ƙasa da igiya, an yi shekaru ana neman a ƙara ƙaramin allo mai bayanin cinikin bayinsa, aka yi ta ja-in-ja a kan kalmomin da za a rubuta har maganar ta shiririce. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu mu tsallaka Gadar Carter mu shiga cikin Ikko. Efunroye Tinubu (filin sunanta ya ci, ba na shugaban ƙasa na yanzu ba, don na sha jin yara suna rikita su) ’yar ƙasar Egba ce. Ta auri Oba Adele, sarkin Legas, ta zama ’yar kasuwar da babu sarkin Legas da zai yi gaban kansa bai waiwaye ta ba. Taba, gishiri, manja, bindiga da albarushi duk ta yi cinikinsu, kuma ta yi cinikin mutane. Ko masu yabon ta ba su musa wannan ba. A watan Disamba 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko, suka mayar da Akitoye, wanda ya sa hannu kan yarjejeniyar hana fitar da bayi ranar 1 ga Janairu 1852. Tinubu tana ɓangaren Akitoye, amma jakadan Ingila Benjamin Campbell ya yi ta zargin ta da ci gaba da hulɗa da fataken Barazil a ɓoye, ga kuma adawar da take yi da yadda baƙi ke mamaye kasuwa. A 1856 ya matsa wa Oba Dosunmu, wanda ya gaji Akitoye, har aka kore ta zuwa Abeokuta. Can ta samar wa Egba makamai lokacin da Dahomey ta kawo musu hari, suka naɗa ta Iyalode, shugabar mata, a 1864. Ta rasu a 1887.

Wanda ya kafa mata mutum-mutumi yana tuna macen da ta tsaya wa Bature ido cikin ido a zamanin da maza ke sunkuyar da kai. Wanda yake so a cire yana tuna waɗanda aka ɗaure aka tura cikin kwalekwale zuwa jirgi. Duka biyun mace ɗaya suke magana a kai, kuma babu wanda ya ƙirƙiri nasa.

Ra’ayina shi ne kada a tumɓuke shi, kuma kada a bar shi yadda yake. Bambancinsa da na Colston shi ne, na Colston da na Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, da ɗalibai suka sa aka cire a Jami’ar Cape Town a 2015 an kafa su a kan mutanen da ba a tambaye su ba, jikokin waɗanda aka zalunta suna wucewa ta ƙarƙashinsu kullum. Na Tinubu kuwa ’yan gida ne suka kafa wa ’yar gida, kuma jikokin mai sayarwa da na wanda aka sayar sun cakuɗe a Isale Eko har ba mai iya raba su. In ka cire nata, ina za ka tsaya? Kosoko ya fi ta shahara a wannan ciniki, ga titi da sunansa, ga zuriyarsa. Oshodi Tapa, Banufen da ya tashi a gidan sarki har ya zama sarkin yaƙin Kosoko, shi ma yana da abin tunawa a Epetedo. Abin da ya kamata shi ne a kafa allo babba a filin, da Yarabanci da Turanci da Hausa, a rubuta abin da ta yi duka, na yabo da na kunya, a kuma keɓe wuri a filin don waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa. Bristol ta ƙi yarda da allo, sai ta wayi gari da igiya.

Batun canza suna kuwa ba zan ɓata maka lokaci a kai ba. A 2020 majalisar dokokin jihar Legas ta yi kira a canza sunayen wuraren da ke ɗauke da sunan ’yan mulkin mallaka. Ba sabon abu ba ne. Race Course ya koma Tafawa Balewa Square, ya zauna. Broad Street an taɓa mayar da shi Yakubu Gowon Street, da mulki ya juya sunan ya koma inda ya fito. A 2012 aka ce Jami’ar Legas ta koma ta Moshood Abiola, ɗalibai suka tare hanya, maganar ta mutu. A garin nan sunan da kwandastan danfo ke kira da ƙarfi shi ne suna, sauran na takarda ne.

Abin da ya fi ci mini rai daban ne. Muna gardama kan mutum-mutumi, ainihin shaidun tarihin suna zubewa. Dab da Tinubu Square a da akwai wani gini da ake kira Ilojo Bar, ginin salon Barazil tun tsakiyar ƙarni na 19, wanda gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1956. A watan Satumba 2016, ana jajiberin babbar salla, aka sa katafila aka baje shi. Irin waɗannan gine-gine aikin hannun Aguda ne, ’yantattun bayin da suka dawo daga Barazil da Kuba suka zauna a Popo Aguda wajen Campos. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wanda watakila ka taɓa salla a ciki, maginin da ya jagoranci aikin ɗan wannan jama’a ne. Gini irin wannan in ya faɗi ba ya dawowa. Ga kuma misalin abin da aka yi daidai: tsohon kurkukun Turawa na Broad Street, inda aka tsare ’yan gwagwarmaya, an mayar da filinsa Freedom Park a 2010, aka bar alamun ɗakunan fursuna don mai shiga ya san inda yake takawa.

To, sai ina ruwanmu. Ɗana, ruwanmu ya kai wuya.

Cikin mutum wajen miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage zuwa nahiyar Amurka, kusan miliyan 2 daga wannan gaɓa tamu suka fita, daga Legas da Badagry zuwa Porto-Novo da Wida. Legas ba ta zama babbar tasha ba sai farkon ƙarni na 19, kuma abin da ya cika kasuwarta yaƙe-yaƙe ne na cikin ƙasa: rushewar daular Oyo, da yaƙe-yaƙen jihadi da suka fara a 1804. Wanda aka kama a Gobir ko Zazzau ko Nupe ko Borno yana iya bin hannun fatake har ya tsinci kansa a bakin teku. Shaidar tana Bahia ta Barazil, inda takardun hukuma suka ambaci Hausawa da sunansu a yunƙurin tawayen bayi na 1807 da 1809 da 1814. A watan Janairu 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador. Yawancinsu Yarabawa ne, amma da Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu da rubutun Larabci. Bayan nan aka koro wasu zuwa Afirka, wasunsu nan Legas suka sauka. In aka gina abin tunawa da waɗanda aka sayar, kakanninmu na ciki.

Na biyu, sojan Najeriya kansa daga nan ya tsiro. A 1863 John Glover, wanda ya zama gwamnan Legas, ya tara mutum 18 ’yan Arewa, bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga. Su ne aka riƙa kira Hausawan Glover. Rundunar ta girma, ta yi yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, daga baya ta shiga cikin rundunar da Lugard ya yi amfani da ita. Sojojin da suka fasa ganuwar Kano a Fabrairu 1903 suka shiga Sakkwato a Maris, hafsoshinsu ne kawai Turawa, masu riƙe da bindigar da yawansu Hausa suke ji. To Glover Road na Ikoyi da Glover Hall, a canza musu suna ko a bari? Ga bawan da ya gudo ya samu mafaka, Glover mai ceto ne. Ga wanda aka ci garinsa, shi ne ya wasa wuƙar. Ni kaina ban gama yanke hukunci a kansa ba, kuma ina shakkar duk wanda ya ce ya gama cikin minti ɗaya.

Na uku shi ne mai ɗaci, wanda in na kawo shi a majalisa sai a fara gyaran murya ana duba agogo. Mu ma mun kama, mun saya, mun sayar. Masana sun ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi a Daular Sakkwato. Ba sai ka buɗe littafin Bature ba, harshenmu ya ishe ka shaida. Rinji ƙauyen bayi ne masu noma gandun ubangijinsu, kuma har yau akwai garuruwa masu wannan suna. Bacucane shi ne wanda aka haifa cikin bauta. Murgu kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa ne don a bar shi ya yi sana’ar kansa. Ga fansa, ga kuyanga, ga ƙwarƙwara, ga sarautun bayin sarki irin Shamaki da Ɗanrimi da Sallama a Kano. Harshe ba ya tara kalmomi haka a kan abin da bai zauna da shi ba. A kasuwar Kurmi an sayar da mutane. Hare-haren Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, sun tashi garuruwa a ƙasar Gwari. Dokar Lugard ta 1901 ta hana kamu da ciniki, ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Akwai tsofaffin da ke raye yau waɗanda aka haifa kafin wannan shekara.

Na san amsar da ake bayarwa: ai tamu bautar ba irin ta Turawa ba ce, bawa yana zama hakimi, ɗan ƙwarƙwara yana zama sarki. Akwai gaskiya a ciki, kuma malamai sun yi magana tun da wuri. Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa a farkon ƙarni na 17 cewa bai halatta a bautar da mutanen Kano da Katsina da Borno ba tunda Musulmi ne, kuma bautar da ’ya’ya Musulmi na cikin laifuffukan da masu jihadi suka tuhumi sarakunan Haɓe da su. Amma Shamaki mutum ɗaya ne, masu noma a rinji dubbai ne. Yarinyar da aka ɗauke daga gindin dutse a kudancin Zazzau, aka raba ta da uwarta har abada, ba a tambaye ta ko tata bautar mai sauƙi ce ba. Jikokin mutanenta suna nan, suna riƙe da labarin, kuma yana cikin abin da ke ƙarƙashin rashin yardar da muke gani tsakaninmu da su in rikici ya tashi. Laifi tudu ne. Muna iya hango na Colston daga Agege.

Gaskiya ne ba ma sassaƙa mutum-mutumi, addini ya hana. Amma muna da namu hanyoyin ɗaukaka mutum: sunan titi, sunan makaranta, kirari, waƙar fada. Jarumin da maroƙi ke wasawa da cewa ya ci gari kaza ya kwaso ganima, ka taɓa tambayar mece ce ganimar? Kuma muna da abin da ya fi dutse daɗewa, wato binciken asali. Har gobe akwai gidajen da in yaro ya zo neman aure za a aika a tono kakansa, in aka ji ƙanshin bauta sai a ce “ba a yi istihara mai kyau ba.” Na ga an yi wa wani ɗalibina haka, yaro mai digiri da sana’a da ladabi, kuma ba a taɓa gaya masa dalilin a fili ba, a bakin wata tsohuwa ya tsinta. A Nijar sai 2003 aka mayar da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta ba wata mata gaskiya a kan gwamnatin ƙasar saboda ta kasa kare ta daga wanda ya saye ta tana yarinya. Wannan a ƙasar da ake jin Hausa ne, a zamanin wayar salula.

Dattawa za su ce maka garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta, a bar kaza cikin gashinta. Ina girmama wannan tsoro, don na san abin da magana kan asali ke iya haddasawa a unguwa. Ba ina cewa a bi gida-gida ana nuna wane jikan bawa ne, wane jikan mai bayi ne ba, wannan ma shi ne cutar. Ina cewa a koyar da abin a aji a matsayin tarihin kowa. An yi shekaru da cire darasin tarihi daga ƙananan makarantun ƙasar nan kafin a dawo da shi, kuma ’yan wannan tsakani su ne yanzu ke koyon tarihinsu daga bidiyon minti ɗaya a Facebook da TikTok.

In kana da hali wata Lahadi, ka hau mota daga Mile 2 zuwa Badagry, gani ya kori ji. Ka shiga gidan Seriki Williams Abass, inda ake nuna ɗakuna 40 na tsare bayi. Shi kansa an kama shi yana yaro an sayar, ya yi bauta a Barazil, ya dawo ya shiga cinikin da aka yi da shi, ya zama babban mutum kuma jagoran Musulmin garin, ya rasu a 1919. “Seriki” ɗin nan kalmarmu ce, sarki. Ka ga mari da sarƙoƙi a gidan tarihin iyalan Mobee, ka ɗaga ɗaya ka ji nauyinsa. Sannan ka shiga kwalekwale ka haye Gberefu, ka taka yashi har bakin teku. Masu zagayawa da baƙi za su gaya maka wasu abubuwa da zaƙin baki, irin rijiyar da wai in bawa ya sha ruwanta yake manta gida, da lissafin mutum nawa ake bayarwa a karɓi laima ɗaya. Ka saurara, amma ka san labarin baka ne. Kuma a yawan mutanen da aka fitar, Badagry ba ta kama ƙafar Wida ko Legas ba. Ita dai ta adana nata wuraren, Legas kuwa ta gina bankuna a kan nata.

Zuwan da na yi na baya, muna tsaye a ɗaya daga cikin ɗakunan nan masu ’yar taga ɗaya can sama, wata ɗalibata ’yar Idi-Araba ta ja ni gefe ta ce, “Malam, kakata tana cewa kakarta ba ta san garinsu ba, wai an kawo ta Kano tana ƙarama, kuma tsagen fuskarta ba irin namu ba ne.” Na ce mata in ta je hutu ta zauna da tsohuwar ta ɗauki muryarta a waya, ta tambaye ta yadda tsagen yake, da ko akwai wata kalma ko waƙa da matar take yi wadda ba Hausa ba. Ta dawo bayan salla da kalmomi uku da zanen tsage a bayan littafinta. Har yanzu muna neman wanda zai gane yaren.